Askin da Ake Gyarawa a Bayan Layi

Yaya Tsinke,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da duk bayin Allahn da ke jure surutunka a can. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ƙafafuna da ke kumbura saboda tsayuwa. Na san za ka ce me ya hana ni kira a waya. Kai ka hana ni. Duk ranar da na kira ka, kafin in kai ƙarshen magana ka mai da ita wasa, in yi ta dariya har in manta abin da ya sa na kira. Takarda kuwa ba ka da yadda za ka katse ta. Direban da ke kawo mana sabulu a otal ya ce yana bi ta unguwarku, shi zai miƙo maka.

Na leƙa gida kwanan baya. Baba yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana tuna kunnen bawan Allahn nan da ka kusa cirewa lokacin da kake koyon aski a shagonsa. Jikinsa da sauƙi, sai dai hannun. Rawar ta ƙaru, Yaya. In ya ɗauki kofin shayi sai ya tallafa da ɗaya hannun. Amma kullum da safe yana buɗe shago, ya share, ya goge madubi, ya shafa wa injin aski mai. Ka san tun rasuwar Inna shagon nan ne kaɗai ke fitar da shi daga ɗaki. Ranar da ya rufe shi, ban san me zai tashe shi daga kan gado ba.

Bari in gaya maka abin da mai kantin kusa da mu ta raɗa mini. Ashe tsofaffin abokan cinikinsa ba su daina zuwa ba. Tsohon direban nan mai gemu, da mai gyaran rediyo, da sauran. Suna zama ya yi musu aski, layin ya karkace, wani wurin ya ci da yawa, su duba madubi su ce, “Kai, maigida, hannunka yana nan!” Su sa hula su fita. Daga nan sai su zagaya bayan layi, wurin mai askin nan mai shuɗiyar ƙofa, ya gyara musu a ɓoye. Duk layin an sani, ba wanda ya taɓa furtawa. Da ta gaya mini sai da na shiga bayan kanti na share hawaye.

To, ga ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Na ji a ƙarshen shirin makon nan mai fodkas ɗin nan da nake saurare a waya, na hira da 'yan barkwanci, ya ambaci sunanka cikin baƙin da ke tafe. Wallahi saura kaɗan in ƙona zanen gadon mutane! Ka san a ɗakin wankinmu ba abin da ake ji sai ƙugin injuna da hucin tururi, ni kuwa abin kunnena yana maƙale tun safe har a tashi. Babu hirar da ya yi da ban saurara ba, wasu har na haddace. Saboda haka ka zauna ka ji karatu daga bakin masana.

Baƙinsa iri-iri ne. Akwai wanda zai zo ya juye mana barkwancin da muka riga muka ji a dandali, har da wurin da yake tsayawa a yi dariya, alhali ɗakin su biyu ne kawai. Wannan ina wuce shi. Akwai mai zuwa ya yi ta lissafa manyan da ya taɓa ba dariya. Akwai mai kukan an sace masa barkwanci. Waɗanda nake komawa in sake ji su ne waɗanda in an kai wani wuri sai muryar wasan ta faɗi, ka ji kujera ta yi ƙara, mutum ya ja numfashi ya yi magana da muryar da yake yi wa mahaifiyarsa magana. Nan ne hira take.

Kuma ka sani, mutumin nan yana da tambaya ɗaya da yake ajiyewa sai ƙarshe: “A gidanku, wa ya fara ba ka dariya?” Kada ka kuskura ka ba shi amsar dandali. Ka ba shi abu na gaskiya, na gida, irin labarin da ke sa mutum dariya ido na kawo ruwa, kamar wanda na ba ka a sama. Ka fitar da mu kunya, don Allah. Kakata da kakanka ciki ɗaya suka fito, amma a wurin aiki na ce musu uwa ɗaya uba ɗaya muke.

Taka,
Rediyo

*

Rediyo sarkin surutu,

Na amsa gaisuwa, na kuma gode. Lafiyata lau, sai dai ƙiba da ta ƙi zuwa har yau. Direbanku ya kawo takardar tana ƙamshin sabulu, maƙwabcina ya ɗauka wata ce ta rubuto, na bar shi a haka don mutuncina ya ƙaru. Ki sa ƙafafun nan a ruwan ɗumi. Ki ce wa Kawu kunnen mutumin nan shi ya motsa, ni hannuna daidai yake.

Maganar hannun Kawu ta taɓa ni. Mutumin da ya ciyar da ni, ya ba ni tabarma a ɗakinsa lokacin da kowa ya gaji da ni. Na karanta wurin nan ya fi a ƙirga.

Zan gaya miki abin da ba na gaya wa kowa: tsoron hirar nan nake ji. A dandali in barkwanci ya mutu, sai in yi tsalle in kama wani, fitila tana idona, ba na ganin fuskar kowa. Nan kuwa mutum ɗaya ne zai zuba mini ido, kuma abin da na faɗa yana nan har abada, kowa ya danna ya ji. Kwana biyu ina gwada amsoshi a gaban madubi, duk sai in ji kamar mai neman aiki. Da takardarki ta zo sai na ji an sauke mini kaya. Tambayar ƙarshen nan, kin riga kin ba ni amsarta. Allah ya yi miki albarka.

Jibi za a ɗauka. Sun ce sai sun tace kafin su saki shirin. Daga nan zan bi wata tawaga yawon wasa garuruwa, in kin ji ni shiru ba mutuwa na yi ba.

Yayanki na uwa ɗaya uba ɗaya,
Tsinke

*

Yaya Tsinke,

Gaisuwa a gurguje, da fatan kuna yawonku lafiya. Ƙafafu sun yi sauƙi.

Ya fito! Da safen nan na ga hotonka a wayata, ka sha wata riga mai kama da labulen otal ɗinmu. Na yi ihu har shugabar ɗakin wanki ta leƙo ta ce ko injin ne ya kama mini hannu.

Ban saurara ba tukuna, kuma da gangan. Irin wannan ba a jin sa cikin ƙugin inji, ana ninke tawul. Ina da ƙa'ida: hirar da nake ji da ita sai ranar hutuna, in yi wanka, in haɗa shayi, in kulle ƙofa, in kwanta in ji ta daga farko har ƙarshe ba mai kirana. Hutuna sai ƙarshen mako. Abokan aikina sun so su kunna, na ce duk wadda ta gaya mini ko kalma ɗaya mun ɓata.

Amma ban yi rowa ba. Na tura wa duk wanda lambarsa ke wayata, dangi da waɗanda ba dangi ba. Na kira mai kanti na ce ta kai wa Baba wayarta ya ji ɗansa, tunda tasa ta kira ce kawai. Ka ji murnar da ya yi? Ya karɓi wayar yana cewa, “Tsinken nawa? Wanda bai iya riƙe almakashi ba?” Ya ce ba zai ji shi kaɗai ba, gobe da yamma zai tara mutanensa a shago, a jera benci, a sa wayar cikin kwano don sauti ya fito. Har lemo ya ce a sayo musu.

Na ji daɗi da ka ce shawarata ta yi maka amfani. In ka yi suna kada ka manta da malamarka.

Taka,
Rediyo

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Lafiyar jiki dai akwai.

Na saurara.

Ban san ta inda zan fara ba. Da farko ina ta murmushi, ina cewa a raina ga shi yana juye barkwancin dandali, zan ci masa mutunci a takarda. Sai mutumin ya yi tambayarsa ta ƙarshe. Ka ja numfashi, kujera ta yi ƙara, na gyara kwanciya na ce yawwa. Sai na ji ka ce, “Akwai wani kawuna mai aski.”

Yaya, me na yi maka? Me Baba ya yi maka? Ba ka faɗi suna ba, na sani, amma ka ce tsohon direba mai gemu. Ka ce shuɗiyar ƙofa. Ka yi ƙarar injin da bakinka, yana tafiya yana tsalle. Ka yi muryar Baba, da yadda yake cewa “ɗan sunkuya” ta hanci. Ko kurma a layinmu ya san wa kake nufi. Ni na gaya maka ne a matsayin labarin jikin mahaifina, a wurin da ake faɗar lafiyar gida. Ban ba ka don ka kai kasuwa ba.

Na tashi na kira mai kanti. Ta ce dama tana ta tunanin yadda za ta kira ni. Ta ce shagon ya cika, har da masu tsayuwa a bakin ƙofa. Baba ya sa farar rigarsa ta aiki, ya zauna kusa da kwanon yana kallon fuskokin mutane duk lokacin da ka ba da dariya, yana gyaɗa kai. Da ka fara labarin kawunka har ya nuna ƙirjinsa da yatsa. Daga nan sai shagon ya yi tsit, babu mai dariya sai mai shirin a cikin kwano, yana buga tebur. Ta ce ba wanda ya iya miƙa hannu ya kashe. Tsohon direba ya cire hularsa, ya tuna abin da ke ƙarƙashinta, ya mayar. Da aka gama Baba ya ce, “Yaron ya iya magana.” Ya miƙa mata wayarta da hannu biyu ya yi godiya. Mutane suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, lemon ma ba wanda ya buɗe.

Ina so in zage ka, amma duk zagin da na ɗauko sai ya dawo kaina. Ni na ce a kai masa wayar. Ni na tura wa duniya abin da ban ji ba, don kawai ina so in sha shayi a kwance. Da na saurara a ranar, ko a cikin ƙugin inji ne, da na kira na ce wayar ta lalace.

Akwai wanda ya fi wannan, kuma sai na faɗa ko zan samu barci. Wurin da ka kwaikwayi tsohon direba yana fita da sanɗa, hannu a kan hula, yana “sai an jima, maigida”, na yi dariya. Na riga na gane wa kake nufi, amma ta kuɓuce mini. Ni kaɗai a ɗaki, ba wanda ya ji, amma kunyar ta hana ni kallon madubi.

Na kira Baba, ya ce lafiya lau, ya tambayi ƙafafuna. Na kasa ɗauko maganar, shi ma bai ɗauko ba.

Rediyo

*

Rediyo!

Gaisuwa daga cikin mota, ki yi haƙuri da rubutun, hanyar duk ramuka. Lafiya lau muke. Na tsaya gida na ɗauki kaya, na tarar da takardarki mai cewa ya fito, ga amsa nan a tsaye.

Kin ji abin da ake yi kuwa? Wayata ta ƙi yin shiru! Sun yanko wurin mai askin nan sun sake shi daban, yana ta yawo. Jiya a wurin wasa mutane suna ta ihu, “Ɗan sunkuya! Ɗan sunkuya!” sai da na yi musu. Mai shirin ya ce bai taɓa samun amsa irin wannan ba. Malama, aikinki ya yi kyau. Yaya Kawu ya ji? Ya yi dariya?

Tsinke

*

Yaya,

Takardarka ta zo. Allah ya ƙara ɗaukaka. Tunda abin ya karɓe ka, ka ci gaba da yi musu. In kayan sun ƙare ka faɗa mini, akwai yadda yake zubar da shayi a rigarsa, ban ba ka wannan ba tukuna.

Rediyo

*

Ƙanwata,

Ina gaishe ki, in za ki amsa. Jikina lafiya. Jiya na dawo daga tafiya na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Ƙaramar na fara buɗewa, ban gane ba, har na yi murmushi na ce Rediyo ta fara barkwanci. Sai na buɗe doguwar. A tsaye na fara karanta ta, a ƙasa na gama.

Ki yarda da ni a kan abu ɗaya: lokacin da na rubuto miki waccan ta cikin mota, doguwar ba ta zo hannuna ba. Ban san abin da ya faru a shago ba. Na sake tuna abin da na rubuta, har da “ya yi dariya?”, na ji kamar in tona rami in shiga.

Na ɗauko takardarki ta farko. Kin ce in ba shi labari “kamar wanda na ba ka a sama”. Na karanta shi a matsayin kin ba ni. Yanzu da na sake dubawa, ko yaro ya san misali kika yi. Na karanta abin da nake so in gani ne, saboda ina cikin tsoro kuma ba ni da komai a hannu.

Bari in gaya miki yadda aka yi, ba don in wanke kaina ba. Ɗakin ƙarami ne, an manna soso a bango, tebur ɗaya, makirfo biyu, da wani mai kula da sauti a bayan gilashi. Na yi ta zuba barkwancina, mai shirin yana murmushin ladabi yana satar kallon agogo. Na san wannan kallon, kallon mutumin da ya yi nadamar gayyatar ka ne. Da ya yi tambayar ƙarshe, niyyata in faɗa a hankali, in ce ga yadda layi guda suka haɗa baki suna rufa wa tsoho asiri saboda ƙauna. Wallahi da haka na fara. Sai na yi ƙarar injin sau ɗaya, ya fashe da dariya. Na bayan gilashi ma ya kife. Rediyo, kin san ni. In na ji dariya ba na iya tsayawa. Na ƙara, na ƙara, na sa gemu, na sa ƙofa. A ƙarshe na ce mutumin nan shi ya riƙe ni lokacin da ba ni da kowa. Sun yanke wurin, sun ce ya sanyaya shirin. Amma ko da sun bari, me zai gyara? Na riga na yi rawar hannunsa da bakina kuma na ji daɗin yi.

Na je wurinsu yau da safe na ce su sauke. Mai shirin ya ba ni kujera, ya ce ya fahimta, ya ce zai cire daga nasu, amma guntun ya riga ya shiga wayoyin mutane, ba shi da iko da shi. Na daina yin sa a dandali. Shekaranjiya kafin in sani na yi shi, wannan ma ki sani.

Kada ki ɗora wa kanki. Ke kin aika wa mahaifinki abin alfahari ne. Ni na zuba abin da ke ciki.

Na ɗauki waya in kira Kawu na ajiye ya fi sau nawa. Me zan ce? Duk maganar da na shirya sai in ji ta yi kama da wasa, bakina bai saba da wata ba. Ina so in zo. Ki gaya mini in zo ko kada in zo, abin da kika ce shi zan yi. Shagon yana buɗe?

Tsinke

*

Yaya Tsinke,

Na amsa gaisuwarka. Ka yafe mini ƙaramar takardar nan, da zafi na rubuta ta. Ka ga na daɗe ban ba ka amsa ba, ban san amsar ba ne sai yanzu. Daga gida nake rubuto maka, na roƙi hutu na taho. Baba yana cin abinci, yana barci, jikin ba laifi.

Ka tambaya ko shagon yana buɗe. Na same shi a buɗe. An share, madubi yana ƙyalli, tawul a ninke a hannun kujera, Baba yana zaune a benci da farar rigarsa. Mai kanti ta ce haka yake yi kullum tun ranar, kuma ko mutum ɗaya bai zauna a kujerar ba. Ba fushi suke ba, Yaya, kunya ce. Da idona na ga mai gyaran rediyo ya taho, da ya hango ƙofar sai ya tsallaka titi yana duba waya kamar an kira shi. Kansa ya yi buzu-buzu. Ashe can bayan layin ma sun daina zuwa, kowa yana jin nauyin a gan shi.

Na zauna kusa da Baba. Na yi ta juya maganar a bakina, daga ƙarshe na ce, “Baba, ni na gaya wa Yaya. Ni kuma na ce a kawo maka wayar.” Kuka ya ƙwace mini. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, “Ke, share fuskarki, mutane na wucewa.”

Sai ya ce, “Kina tsammani ban sani ba? Mutum ya bar nan da layi a karkace, gobe ya zo gaishe ni da layi a miƙe, ni da na yi aikin ba zan gane ba? Tun ranar farko na sani. Har hannun mai gyaran na gane, yana cin gefen kunne da yawa.”

Na ce to me ya sa bai taɓa magana ba. Ya ce, “In ce me? Suna zuwa, muna hira, suna tafiya da mutuncinsu, ina zama da nawa. Su suna ganin sun rufa mini asiri, ni ina barin su su gani. Yanzu an faɗa. Ba wanda zai iya zama a kujerar nan ya ce hannuna yana nan, ni ma ba zan iya cewa na gode ba.”

Na tambaye shi kai fa. Ya ce muryar tasa ka kama ta, amma shi ba ya magana ta hanci haka. Ya ce ka zo, kada ka zo da jawabi. Amsarka ke nan. Ka zo, amma ba shagon za ka tarar ba.

Jiya da hantsi ya ce in miƙo masa tawul. Ya shimfiɗa a kan kujera, ya jera injin askin da almakasai da buroshi, ya naɗe. Ya cire farar rigar ya rataye a ƙusa. Ya kulle ƙofa, makullin yana ta kaucewa, na kai hannu zan taimaka ya ture ni da gwiwar hannu. Ya rungumi ƙunshin ya kama hanya, ina bin sa a baya kamar wadda ta yi sata. Duk layin ana kallonmu ta gefen ido. Ya zagaya bayan layi ya tsaya a shuɗiyar ƙofa ya yi sallama.

Mai askin yana zaune shi kaɗai. Da ya ga Baba ya miƙe zumbur, ya rasa inda zai sa idonsa, yana ta “sannu da zuwa, Baba, sannu da zuwa”. Baba ya ajiye ƙunshin a kan teburinsa ya ce injin yana son mai kullum da safe, kada ya bari ya bushe. Mutumin ya fara rantse-rantse yana ba da haƙuri, Baba ya ɗaga masa hannu. Ya ce, “Ka aika a gaya wa mutanen nan su zo a rage musu gashi, sun zama abin tsoro. In akwai wuri a bencinka, zan riƙa zuwa hira.”

Kafin a jima sai ga tsohon direba a bakin ƙofa, mai kanti ce ta kai masa labari. Ya tsaya bai shigo ba, bai tafi ba. Baba ya ce masa, “Shigo mana, ai ka fi ni sanin hanya.” Ya shigo ya zauna a ƙarshen benci yana kallon takalminsa.

Ka san tun kafin a haife ni Baba shi yake yi wa kansa aski, da madubi biyu, bai taɓa yarda wani ya taɓa masa kai ba. Sai ga shi ya cire hula ya ba ni, ya hau kujerar mutumin ya zauna. Na ga kansa a fili, wani wurin fari fat, wani wurin gashi tsibi-tsibi. Ban taɓa gani ba, kullum da hula nake ganin sa. Na juya na kalli bango.

Mai askin ya yafa masa ƙyalle ya kunna inji. Yaya, hannun mutumin nan rawa yake yi, har injin yana taɓa kunnen Baba. Ya tsaya, ya goge tafinsa a wando, ya sake ɗagawa, bai daina ba. Baba ya kalle shi ta cikin madubi ya ce, “Riƙe hannunka da kyau, ɗana. Ni in ka ɓata, ba ni da bayan layin da zan je a gyara mini.”

Tsohon direba ya yi wata irin dariya, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna girgiza, kuma bai buɗe ba har aka gama askin.

Ka taho da wuri.

Taka,
Rediyo